Masu Tara Tsohon Kiɗa a Ƙasar Ƙonni, Kowa da Irin Haukarsa

Daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza, daga Galmi har Illelar Adar, akwai wasu mutane da ba su da ƙungiya, ba su da sarki, amma da ka zauna kusa da ɗayansu za ka shaida shi kafin shayin farko ya sauka. Su ne masu tara tsohon kiɗa: kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo, kalangun Shata, taushin Salihu Jankiɗi, kuntigin Ɗan Maraya Jos. Matansu sun gaji da su, 'ya'yansu suna yi musu dariya a bayan ido, kuma dariyar tana bisa hanya. Sai dai ra'ayina shi ne, waɗannan mutane su ne ma'ajiyar gaske da kiɗan Hausa yake da ita, kuma wanda aka fi yi wa dariya cikinsu ba shi ne ya fi ɓarna ba.

Dalilin yana cikin yadda kiɗan yake. Baturen da ke tara faya-fayen Beethoven ko Bach hankalinsa kwance yake, domin an rubuta kiɗan a takarda da alamominsa. In faifai ya fashe, gobe wata ƙungiyar makaɗa za ta buɗe takarda ta sake bugawa. Makaɗin fada bai bar takarda ba. Gindin waƙa kawai yake tsayawa wuri ɗaya a bakin 'yan amshi. Ɗiyanta kuwa kullum canzawa suke. Yau a ƙara ɗa saboda wani ya ba da riga, gobe a cire shi saboda ya hana, jibi a soko zambo ga wani ɗan sarki da ya ɗaure fuska. Ke nan kowace ɗauka waƙa ce mai zaman kanta, wadda in ta ɓace ba mai dawo da ita. Ibrahim Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, kamfanin Philips kuwa sai 1963 ya fito da kaset. Abin da ya rage na muryarsa shi ne ɗan abin da na'urorin gidajen rediyo suka kama, mutane suka riƙa kwafa daga hannu zuwa hannu. Wanda ya fahimci wannan zai yi wa masu tarawa uzuri, ko da ba zai daina dariya ba.

Na farkonsu shi ne Alƙali. Wannan bai taɓa sauraron waƙa har ƙarshe ba. Da an kunna Bakandamiyar Shata, kowa ya gyara zama, sai ka ga ya karkata kai, ya ɗaga yatsa: "Tsaya, Malam. Wannan ba ita ba ce." Ita ce mana, ga muryar Shata, ga kalangu. "A'a, wannan ta gidan rediyo ce. Ta asali akwai inda ya yi tari kafin ya shiga ɗa na uku." Yana da bugu huɗu na waƙa ɗaya, kuma wanda ya fi ƙauna shi ne wanda ba a jin komai cikinsa sai shuuu da kukan jaki daga nesa, domin a wurinsa kukan jakin nan shi ne shaidar cewa a filin Allah aka ɗauka. Mutane suna cewa iyayi ne. Akwai iyayi, ba musu. Amma Shata ya shekara fiye da hamsin yana waƙa kafin rasuwarsa a 1999, kuma sananne ne cewa nan take yake ƙaga baiti, bai cika maimaita waƙa yadda ya yi ta jiya ba. Wanda ya ce bugu huɗun nan abu ɗaya ne, shi ne bai saurara ba. Laifin Alƙali ɗaya ne: ya san gaskiya, amma sai ya zaɓi lokacin da waƙa ta ɗauki daɗi sannan ya faɗe ta.

Ƙaninsa shi ne Mai Tafsiri, wanda yatsansa ba ya barin maɓallin tsayarwa. Baiti ɗaya, sharhi na rubu'in awa. Zai gaya maka wane ne Sarkin Gobir na Isa Ahmadu da Narambaɗa ya yi wa waƙa, wa aka yi wa habaici, me ya haɗa su, har da abin da makaɗin ya so ya faɗa bai faɗa ba. A ƙasar Ƙonni wannan iri yana da ƙarin girman kai, kuma yana da hujja. Hausar Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace ta yamma ce, irin wadda ake ciniki da ita a kasuwar Ƙonni ranar Laraba, da "shina" da "munka" da "ɗiya". Abin da ɗalibi a Kano zai buɗe ƙamus ya nema, tsohuwa a Tsarnawa da shi take yi wa jikanta faɗa. Don haka in Mai Tafsiri ya ji baƙo ya karkata ma'anar wata kalma, har tausayinsa yake ji. Rabin tafsirin nasa ƙari ne, amma ɗaya rabin babu shi a kowane littafi.

Sai 'yan ɓangare, waɗanda ba sa buƙatar dogon bayani don kowace fada tana da su. Na Shata yana ganin kiɗan fada roƙo ne da aka sa wa rawani. Na Ɗanƙwairo yana ganin kalangu hayaniyar tasha ce. Na Narambaɗa ba ya ma shiga gardamar, murmushi kawai yake yi irin na wanda ya riga ya ci shari'a. Can gefe akwai mai kishin ƙasa da ke tambaya don me kullum sai makaɗan ƙetaren iyaka, alhali ga Ɗan Gurmu wanda har gasar kiɗa ta ƙasa da ake yi a Tawa take ɗauke da sunansa, ga Sagalo na filin kokowa. Tambayarsa tana da kyau, amma in ka leƙa jakarsa za ka tarar da Shata ya fi yawa. Iyakar da ke tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya an rufe ta a 2019, an sake rufewa a 2023, shinkafa da mai suka sha wuya, amma ba a taɓa jin ɗan duwan ya kama waƙa ba. Tun zamanin da Rediyon Kaduna da Rima ta Sakkwato suke shigowa gidaje tare da Muryar Sahel, kunnen mutanen nan bai san fasfo ba.

Direban babbar mota, mai ɗaukar albasar Galmi zuwa Akara ko Abijan, ko simintin Malbaza zuwa Yamai, da kilomita yake auna waƙa. Waƙar kirki ita ce wadda za ta kai shi Dogon Dutsi bai yi gyangyaɗi ba. Ɗan Anace yake so, musamman in ana wasa Shago ɗan dambe, kuma yaron mota ya san cewa in an zo wurin kirari ba a magana. Akwai kuma Alhaji Mai Tuba. Ya dawo daga Makka, ya sanar cewa ya bar sauraron kiɗa, ya kwashe kaset-kaset ɗinsa ya ba maƙwabci. Maƙwabcin da katangarsu ɗaya. Da la'asar sai ka gan shi ya shimfiɗa buzu a gindin katangar da carbi a hannu, babban yatsan ƙafarsa yana motsi shi kaɗai. In an matsa masa ya ce, "Ai ni Hausar nake saurare, da tarihi." Maganar halacci da haramci ta malamai ce, su suka san fagenta, abin da kowa zai iya shaidawa shi ne Alhaji bai ƙona kaset ɗin ba, kuma tarihi ya gode masa. Kada a manta da Hajiya, wadda ba ta kiran kanta mai tara komai, amma a ƙasan kwalla, ƙarƙashin zannuwan da ba a ɗinka ba, akwai Barmani Choge da ba ta ba kowa aro tun kafin rasuwar mai waƙar a 2013.

Yanzu ga wanda jama'a suke girmamawa, ni kuwa nake ganin ya fi kowa laifi: Marowaci. Shi ne mai akwatin ƙarfe da kwaɗo biyu. Kowa a gari ya san yana da wata waƙar Jankiɗi ko ta Aliyu Ɗandawo da ba a taɓa ji a rediyo ba, amma ba wanda ya taɓa jin ta, har shi kansa, don yana tsoron rediyo ta cinye zaren. Ka je da girmamawa ka ce, "Baba, a taimaka a kwafa mana," ya ce mabuɗi yana wurin wani yaro da ya tafi Agadas. Yana zaton ajiya yake yi. Ko albasa da aka zuba a rudu ana leƙa ta a tsince ruɓaɓɓa, balle zaren kaset da ke kwance cikin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano, a garin da zafin bazara yake wuce digiri 40. Zaren yana manne wa juna, muryar wani zagaye tana shiga ta wani, ɗan auduga da ke danne zaren yana ɓallewa. Ran da Marowaci ya kwanta dama, magada za su fasa akwati suna tsammanin takardun gona, su tarar da robobi, su miƙa wa yara su ja zaren a titi. Mai gyara da ke bakin kasuwa, wanda ke naɗe zare da biro, ya manne inda ya tsinke da jan farce, ya fi shi amfani sau goma, ko da yake kowane gyara yana cin rabin baiti.

Kishiyarsa shi ne Mai Giga, saurayin da ya je rumfar masu turi ya ce a cika masa mimori. Yana da waƙa dubu a aljihu, kuma duk wata tsohuwar murya a wurinsa Shata ce. Sani Sabulu Shata ne, Haruna Uji Shata ne, wani lokaci har Ɗan Maraya da kuntiginsa. Sunayen fayil ɗin kuwa lambobi ne da WhatsApp ya raɗa musu. A nan ne masu cewa zamanin tarawa ya wuce suke kafa hujja: komai yana YouTube, me za a yi da tsoho da akwatinsa? Amsar ita ce, abin da ke intanet wani ne ya ɗora shi daga kaset ɗin wani tsoho, kuma abin da aka ɗora shi ne wanda ya riga ya shahara. Makaɗin noma na wani ƙauye kusa da Badagishiri, ko mai gogen da ya yi wasa a bikin wani attajirin Dogarawa aka ɗauka da rakoda, ba ya can. Duk da haka ba na raina Mai Giga. Ba ya rowa, kuma abin da ya shiga wayoyi ɗari ya fi wuyar mutuwa. A 2011 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya fitar da faifai sukutum daga waƙoƙin da ya kwaso a mimorin wayoyin mutanen arewacin Mali, kuma aikin da ya fi ba shi wuya shi ne gano masu waƙoƙin. Ciwon ke nan: murya ta tsira, suna ya ɓace.

Ana iya cewa wannan aikin hukuma ne da jami'o'i, kuma kwafe-kwafen nan ba ya kai ko dala ga iyalan makaɗa. Duka biyun gaskiya ne. Akwai cibiyar kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihin makaɗa da dama, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da littafin rayuwar Shata a 2006. Amma littafi ba ya kiɗa, kuma masu binciken kansu wurin irin su Alƙali da Mai Tafsiri suke zuwa neman abin rubutawa. Haƙƙin iyali kuwa ba ya samuwa a kan waƙar da ba a san mai ita ba, don haka matakin farko na biyansu shi ne a daina kiran kowa Shata.

Saboda haka, Baba mai akwati, a nemo mabuɗin nan tun ana iya jin abin da ke ciki. Kai kuma mai mimori, in an ba ka ka kwafa, zauna kusa da Alƙali ka jure masa, ka rubuta sunan makaɗi, da wanda aka yi wa waƙar, da garin da aka ɗauke ta, kafin ka tura wa kowa.