Ku da Kuka Ce Ranar Zaɓe Ba Ta Dafa Tuwo

Masu shan shayi a bakin tashar Matameye! An ce kun yanke hukunci tun ba a shigar da ƙara ba: wai maganar ranar zaɓen kansiloli da magajin gari aikin 'yan boko ne marasa abin yi. A yi zaɓe bana, a yi baɗi, ko a bar shi sai jikoki sun girma, duk ɗaya ne a wurinku, tunda farashin tiyar hatsi bai san sunan magajin gari ba. To, Alhaji, ajiye kofin mu ɗan taɓa lissafi, na san ba ka tsoron lissafi in na kuɗi ne.

Zaɓen ƙananan hukumomi na farko da ya game ƙasar nan ta Nijar an yi shi ranar 24 ga Yuli 2004. Wanda ya tsayar da wannan rana, ina kyautata zaton bai taɓa riƙe hauya ba. Ƙarshen Yuli a ƙasar Kance, mutum yana tsakiyar noma, ciyawa na tsere da gero, sai a ce ya bar gona ya je ya yi layi. Na biyu ya zo ranar 27 ga Disamba 2009, cikin guguwar tazarce, 'yan adawa suka ƙaurace masa. Waɗanda suka ci ba su gama amsar barka ba sojoji suka kifar da Shugaba Tanja ranar 18 ga Fabrairu 2010, kujerun suka bi ruwa. Aka sake sabo a watan Janairu 2011, doka ta ce shekara biyar. Yaron firamare ma zai ce maka 2016 ke nan. Ina! Aka ce sai an kammala rajistar masu zaɓe ta zamani mai ɗaukar hoto da zanen yatsa, aka shiga ƙara wa kansiloli wata shida, in ta ƙare a ƙara wata shida, har 13 ga Disamba 2020. Wa'adin shekara biyar ya kusa cika goma. Waɗanda aka zaɓa a 2020 kuwa, ranar 4 ga Afrilu 2024 Janar Abdurahaman Tiani ya rusa majalisunsu, aka naɗa kantomomi. Wani ya ci biyu, wani bai gama cin ɗaya ba, kuma takardar doka ɗaya suke karantawa.

Yanzu ka ce mini wannan bai dame ka ba. Hajiya, ke fa da kike dariya a bayan ƙyaure, ki ba shi amsa. In uwar adashe ta ce ranar kwasarki ta ɗaga da wata shida saboda tana gyaran littafi, ranar ta zo ta sake ɗagawa, kwana nawa za ki yi kafin unguwa ta ji muryarki? Zubi kuwa ba a ɗaga shi ko sau ɗaya ba. Haka meri, wato ofishin magajin gari, take: harajin kasuwa da kuɗin rumfa da na tasha ana karɓarsu a kan lokaci, mai tikiti bai taɓa cewa sai an gama rajista ba. Ranar da kai za ka karɓi naka, wato ranar da za ka ce wa kansila ya zauna ko ya tashi, ita kaɗai ce ke da ciwon ƙafa.

Na san abin da Malam na kusa da mai shayi zai ce: ai mu ba mu ke zaɓen magajin gari ba. Gaskiyarka, Malam. Kai kansiloli kake jefa wa ƙuri'a, su kuma su shiga ɗaki su fitar da magajin gari daga cikinsu, kuma abin da ake yi a daren da ya gabaci shiga ɗakin nan, ni da kai mun bar wa Allah. Amma wannan ai hujjata ce ka ɗauko mini. Tunda igiya ɗaya tak ke hannunka, ta kansila, in aka bar ranar jan ta a aljihun masu mulki a Yamai, me ya rage maka? Kansilan da ya san saura wata takwas yana zuwa jana'iza har Dungu da Kurni, yana sanin rijiyar da ta rufta a Tsawni. Wanda ya san za a ƙara masa wata shida, gaisuwarka ma daga cikin mota yake amsa ta, gilashi a rufe.

Sai kuma masu cewa kantoma ya fi, ba kamfe, ba rabon atamfa, ba zagin iyaye. Ban musa ba, akwai kantoman da zai kwashe shara ya gyara magudana fiye da zaɓaɓɓe. In ka dace da nagari, ka yi sadaka. In ba ka dace ba fa? Wanda ya naɗa shi ne kaɗai zai iya cire shi, kuma ba a Dawshe yake kwana ba.

Kanawa abokan wasa, na hango ku kuna murmushi, kada ku yi saurin gyara hula. Sai da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa gwamna ba shi da ikon ajiye kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu, sannan jihohi suka shiga rige-rigen shirya zaɓe. Kano ta yi nata ranar 26 ga Oktoba 2024, jam'iyyar gwamna ta lashe 44 cikin 44. Maƙwabtanmu na Katsina, da muke tsallaka Ɗan Barto mu iske su a Daura, suka yi nasu a Fabrairu 2025: 34 cikin 34. Ko ɗan kokawar da ya fi kowa asiri yakan faɗi sau ɗaya. Wannan kam na ba masu shakka maki: tsayar da rana kaɗai ba ya sa zaɓe ya zama zaɓe. Sai dai mai rana yana da abin da zai yi ƙorafi a kai, marar rana ko wannan bai samu ba.

Zaɓen raba gardama ma haka. Na 4 ga Agusta 2009 Kotun Tsarin Mulki ta ce ba ya bisa doka, Tanja ya rusa kotun, aka yi shi a tsakiyar damina, aka ce kashi 92 cikin ɗari sun amince ya ƙara shekara uku. Wata shida da 'yan kwanaki ya samu. Wanda ke son amsar "i" shi ya zaɓi ranar tambaya, kuma ya zaɓi lokacin da manomi ba shi da sukunin gardama.

Amurka, da kuke cewa komai nasu na Nasara ne, manoma suka duba da suka tsayar da tasu a 1845: Talatar da ke bin Litinin ta farko a Nuwamba, an gama girbi, sanyi bai rufe hanya ba. Suna tsakiyar yaƙin basasa a 1864 suka yi zaɓe a ranarsa. Mu ma muna da irin wannan taga. A Nuwamba an ɗaure dammuna, an cire gyaɗa, rumbu ya cika, samari ba su gama watsewa cirani Kano da Agadas da Libiya ba. Jinkirta zuwa Janairu, rabin masu katin zaɓen wani ƙauyen suna tura baro a wata ƙasa.

Kundin da gwamnatin sojan Nijar ta ƙaddamar a Maris 2025 ya ba mulkin riƙo wata 60, kuma ana iya sake duba wa'adin gwargwadon halin tsaro. Wata rana dai za a zauna rubuta sabuwar dokar zaɓe. Ranar nan, Alhaji, in an zo jin ra'ayin jama'a, kada ka ce a tambayi 'yan boko. Ka ce a rubuta watan da ranar zaɓen kansiloli cikin tsarin mulki, a sa shi bayan girbi, ɗagawa kuma sau ɗaya tak, da izinin kotu. In ka manta, Hajiya za ta tuna maka.