Yadda Ake Karrama Baƙon da Ya Tare a Kwamfuta

Pleasant Garden ƙaramin gari ne a kudu da Greensboro, cikin jihar North Carolina, inda hayaniyar da ta fi yawa ita ce ta masu yawon shan iska a dajin Hagan-Stone. Wanda ya zaɓi zama a nan, Ba'amurke ne ko ɗaya daga cikin 'yan Nijar da suka yi sansani a Greensboro, ba ya son a san cikinsa. Kwatsam ya kunna kwamfutarsa, ya ga wata manhaja da bai san ranar da ta tare ba. Ga yadda zai yi baƙon ya ji daɗin zama.

Kada ya tambaye shi daga ina, domin mai yiwuwa a kwali ɗaya suka zo da kwamfutar. Shaida tana nan cikin jihar, tunda a Morrisville, kusa da Raleigh, hedikwatar Lenovo ta Amurka take. Daga 2014 zuwa farkon 2015 kamfanin ya sayar da kwamfutocin cinya ɗauke da manhajar talla ta Superfish. Ita kuwa ba ta da kunya: takan shiga tsakanin mutum da shafin da ya buɗe, ko da na banki ne, ta kwance ƙullin sirrin, ta leƙa, ta sake ƙullewa da takardar shaidarta. Ɗan kwaɗon nan da ke saman shafi yana nan a kulle, mai kwamfuta hankalinsa kwance. Abin da ya fi ban dariya, mabuɗi ɗaya ne a dukkan kwamfutocin, kuma a Fabrairun 2015 wani masanin tsaro, Robert Graham, ya tono kalmar sirrin da ke kare shi, wato komodia, sunan kamfanin da ya ƙera dabarar. Daga nan duk ɗan damfarar da ke kan wayi-fai ɗaya da mutum a gidan shan kofi zai iya shigar banki ya karɓi gaisuwa. A 2017 Lenovo ya sasanta da hukumar cinikayya ta tarayya, FTC, ya kuma biya jihohi 32 dala miliyan 3.5. Kwamfutoci kusan 750,000 ne a Amurka, kowace ba ta kai dala biyar ba ke nan. Sirri ya yi araha a shekarar nan.

Idan zuciyarsa ta ƙi kwanciya, sai ya buɗe Incognito, yanayin ɓuya na burauzar Google, ya kalli baƙin shafin da hoton mai hula da tabarau, ya ji shi ma ya ɓace. Uwargida dai ba za ta ga tarihin yawonsa ba. Google kuwa sai a 2024, bayan an kai shi kotu, ya yarda zai goge biliyoyin bayanan da ya tara daga masu wannan ɓuya.

Sannan ya ɗauki mai gadi na kyauta. Avast, sanannen maganin ƙwayar cutar kwamfuta, ya yi shekaru yana sayar da bayanan yawon masu amfani da shi ta hannun reshensa Jumpshot, har FTC ta ɗora masa dala miliyan 16.5 a 2024. Ya haɗa da VPN na kyauta irin Hola, wanda a 2015 aka gano yana ba wasu hayar layin intanet ɗin masu amfani da shi. Ya liƙa ɗan salatif a idon kyamara, tunda an ga Mark Zuckerberg ya yi haka a wani hoto na 2016, ko da yake manhajar da ke karanta saƙo ba da kyamara take gani ba.

Abin da zai kiyaye shi ne bincike. Kada ya buɗe jerin manhajojin da ke tashi tare da Windows, kada ya nemi sunan wanda ya sa wa baƙon hannu, kada ya leƙa ma'ajiyar takardun shaida. In ma ya fusata ya goge manhajar, ba komai, masu Superfish da suka yi haka sun bar takardar shaidar a zaune, ƙofar tana buɗe kamar jiya. In ya wanke kwamfutar tas ya sa sabon Windows, nan ma akwai sauran fata: a 2015 an gano wata manhajar, Lenovo Service Engine, da ke maƙale a babban allon da ke cikin kwamfutar, tana jiran a gama wankin ta dawo ta zauna. Sai da kamfanin ya fitar da gyara na musamman kafin ta kwashe kayanta.