Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwaɗon Taya

Oloumi,
Libreville, Gabon.

Zuwa ga Mai Girma Kwaɗon Taya,
Sarkin Cafke Ƙafar Mota.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta talaka ga mai iko, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, tsatsa ba ta taɓa ka ba, makullinka kuma bai ɓata ba. In ka tambaye mu, muna nan kalau, sai dai abin da ba a rasa ba, wanda akasarinsa kai ne. Na so in kawo kukana baki da baki, amma na ga manyan mutane sun tsuguna a gabanka suna roƙo, wani da Faransanci, wani da Fang, wani da Hausa, ba wanda ka ce wa uffan. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko Allah zai sa idonka ya fi kunnenka aiki.

Kukana na farko kan hikimar aikinka ne, wadda ta fi ƙarfin ƙaramar ƙwaƙwalwata. An ce mota ta tare hanya. To, mun ji. Sai kai mai gyara ka zo ka ɗaure ta a daidai inda ta tare, ta yadda ko mai ita ya tuba ba shi da ikon matsar da ita taku ɗaya. Motar da za ta yi minti goma a loda mata kaya ta wuce, sai ta wuni. Tasi masu ja da fari su jeru a bayanta suna danna hon, masu turin kura su rasa ta inda za su ratsa, kai kuwa kana maƙale kana jin daɗin ka kafa doka. Abin ya yi kama da mutumin da akuya ta shigar masa gona, sai ya kafa turke ya ɗaure ta a tsakiyar shuka don ta ji a jikinta.

Na biyu, da alama ba a yi maka bayanin unguwar da aka turo ka ba. Oloumi, ranka ya daɗe, ba wurin shan iska ba ne. Unguwar masana'antu ce da sito-sito da 'yan sari. Kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Owendo nan da yawansu ke kwana kafin su bazu cikin gari. Duk wanda ka gani da mota a nan, buhun shinkafa ya zo ɗauka, ko katan ɗin mai, ko siminti, ko kwanon rufi, kuma ba a saɓa waɗannan a kafaɗa a tafi da su nesa. Dole a tsaya a ƙofar sito. A ina kake so a tsaya? Gefe guda kwalbati ne buɗe, ɗaya gefen tirela ce da kwantena ta kwanta tun asuba. Af, na tuna: ban taɓa ganin ka a tayar tirela ba. An ce wai bakinka ne bai kai faɗinta ba. Na karɓi wannan uzuri cikin ladabi, ko da yake kura ma ta san gidan mai babbar sanda.

Na uku, ina abokin aikinka, Malam Allo? A makarantar tuƙi an koya mana shi sarai: zagayayyen allo shuɗi mai jan baki. In jan layi ɗaya ya ratsa shi, an hana ajiye mota. In layi biyu ne suka gicciye, ko tsayawa an hana. An kuma koya mana cewa tsayawa daban, ajiyewa daban: wanda ya dakata don sauke fasinja ko kaya, direba na nan kusa zai iya matsawa, ba ɗaya yake da wanda ya kulle mota ya tafi harkarsa ba. Ƙasashe shida na ƙungiyar CEMAC ta yankin Afirka ta Tsakiya, har da Gabon, suna da dokar hanya ta bai ɗaya tun 2001. Duk wannan karatu mun biya kuɗi mun yi. Amma a titi sai ka nemi allon ka rasa, ko ka same shi a karkace bayan rumfar mai shayi. Fentin ƙasa kuma, damina a garin nan daga Oktoba take har Mayu, wane fenti ne zai jure? Ga Allo bai zo aiki ba, ga Fenti ruwa ya tafi da shi, kai kaɗai ne ba ka taɓa makara ba.

Na huɗu, kuma nan ne haƙurina ke tangal-tangal: nawa ne kuɗinka? Na bincika asalinka, na tarar ɗan gidan mutunci ne kai. Wani mai goge a ƙungiyar makaɗan birnin Denver na Amurka, Frank Marugg, shi ya ƙera ka, 'yan sandan birnin suka fara aiki da kai a 1955 don kama masu tarin tarar da suka ƙi biya. Wato mutum ya san laifinsa, ya san adadin, ya yi kunnen ƙashi, sannan ka zo. Yayarka ma, mitar ajiye mota da aka fara kafawa a birnin Oklahoma a 1935, ba ta ɓoye komai ba: santi biyar awa guda, ka gani kafin ka kashe inji. Kai kuwa da ka iso nan sai ka zama kayan ciniki. Farashinka kan duba fentin mota, ya duba agogon hannun mai ita, ya saurari harshensa, in baƙo ne ya leƙa katin zamansa. Wanda ya nemi rasit sai a tuna masa da filin tsare motoci, inda kowane kwana ke da nasa lissafin. Su kuma samarin da ke cewa "Alhaji, ajiye nan, muna gadi," su karɓi 'yan silallansu, da sun hango ka sai su zama iska. Mutum ya biya mai gadi, ya biya mai makulli, har yanzu bai san ko baitulmali ya ga sisi ba.

Ka san me ya sa nake sha'awar mutanen Kano? A Fabrairun 2021 direbobin Adaidaita Sahu sun ajiye aiki, gari ya koma tafiyar ƙasa, saboda harajin naira 100 a kullum. Ko sun yi daidai ko ba su yi ba, sun san adadin da suke faɗa a kansa. Mu nan ko yajin aiki muka so yi, me za mu rubuta a kwali?

Kada ka ɗauka ni maƙiyinka ne. Akwai masu hawa kan hanyar masu ƙafa da mota su tilasta wa 'yan makaranta shiga tsakiyar titi, akwai masu toshe ƙofar shagon wani su tafi sallar Juma'a hankali kwance, cikinsu har da 'yan uwanmu. Waɗannan ka cafke su, ni zan riƙe maka fitila. Sai dai ka sani, danginka sun sha kunya a wasu wurare: a 1992 kotun Scotland ta ce ɗaure mota da 'yan kasuwa ke yi don karɓar kuɗi ƙwace ne, a 2012 kuma Ingila da Wales suka hana duk wanda doka ba ta ba izini ba yin hakan. Ba barazana nake yi ba, wane ni. Labarin dangi ne kawai.

Buƙatuna ba su da yawa. A ja layi inda ake so mu tsaya, a ware lokacin lodi a ƙofar sito, a kafa allo inda ido zai gan shi, a rubuta kuɗinka a jikinka da manyan lambobi, a ba da rasit mai hatimi ba tare da an ɗaure fuska ba. In an yi haka na saɓa, ka ɗaure tayoyin huɗu, har da safaya.

Ban san adireshinka ba, don haka ba zan kai wannan takarda gidan waya ba. Gobe da hantsi zan tsaya a ƙofar sito in shiga karɓo canji. Na san kafin in fito ka iso, sai ka duba ƙarƙashin waifa.

Ka huta lafiya.

Naka cikin ladabi na dole,
Wani ɗan sari a Oloumi.