Mu da "Kwana Ya Ƙare"

Ranar sadakar ukun matar maƙwabcinmu, muna zaune kan tabarma a ƙofar gida, Baba mai goro ya nisa ya ce, "To, kwana ya ƙare." Kowa ya ce Allah ya jiƙan ta. Ni ma na faɗa, amma zuciyata tafasa take yi.

Fiye da shekara guda baiwar Allah nan tana jin ƙullutu a mama. Mu kuwa haka muke: mace ta ji abu a jikinta, sai kunya ta sa ta ja zani ta rufe. In ta faɗa, a ce jifa ne, a kawo rubutu, a shafa garin magani, wani lokaci har a kira wanzami ya tsaga. Sai wurin ya fashe, barci ya gagara, sannan a sayar da gona a nufi asibitin Shika ko Abuja neman gashi. Likita ya duba, ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya bazu.

Wani yaron layinmu mai karatun aikin jinya ya gyara zama. "Baba, a gafarce ni. Ba ciwon mama kaɗai muke yi wa sakaci ba. Sankarar bakin mahaifa fa ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta. Tun watan Oktoban 2023 ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta, kyauta, allura ɗaya tak. A layin nan gida nawa suka miƙa 'ya'yansu?"

Aka yi tsit. Cewa muka yi allurar ta hana haihuwa ce, kamar yadda muka ce da ta shan-inna a 2003, har aka dakatar da ita a Kano, yara suka shanye.

Wani ya ce ai asibitin ma kashe mutane suke yi. Ban musa ba. Gwaggona ta shiga wani asibiti da ƙafarta, aka ƙara mata jinin da ba irin nata ba, kafin asuba ta cika. Muka naɗo ta muka taho. Babu wanda ya nemi katinta, babu wanda ya tambayi wa ke aiki a daren. Ga hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, tana karɓar ƙorafi, tana iya ƙwace lasisin likita, amma a wurinmu tambaya ta zama kamar ja da ikon Allah. Ni na yarda da ƙaddara, wallahi na yarda. Sai dai shirunmu ya bar hannun nan a kan wani marar lafiya washegari, kuma wannan har yau yana cina.

Duk wannan hira mijin marigayiyar kansa na sunkuye. Can ya ɗago, idonsa jawur, ya dubi Baba mai goro.

"Baba, tun da azumin bara ta nuna mini. Ni na ce ta bari a yi girbi."