Yadda Ake Shawo Kan Giwan Ruwa a Hunturun Sakkwato

Basakkwace ba ya tsoron rana. A watan Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, za ka gan shi bisa kabu-kabu da tsakar rana yana ratsa gari, ko hula bai gyara ba. Amma bari Nuwamba ta raba tsakiya, iskar hunturu ta taso daga Sahara da ƙurarta, asuba ta sauko wajen digiri 15. Nan take mutumin nan zai shige rigar sanyi biyu, ya ɗora kwat ɗin gwanjo, ya naɗe kai da rawani har ido kaɗai ake gani, alwala kuwa sai an ɗora ruwa a wuta. To ɗan'uwa, idan kai mai jini da ɗumi, mai bargo, mai mai shayi a bakin layi, haka ɗari ke yi maka, sai ka tausaya wa kifi, wanda ya kwana tsirara a cikin gulbin Rima. Duk ilimin fatsa na wannan lokaci daga tausayin nan yake farawa.

Allah bai ba kifi wutar jiki tasa ta kansa ba. Yadda ruwa yake, haka jininsa yake. In ruwa ya yi sanyi, zuciyarsa ta rage gudu, cikinsa ya daɗe bai narkar da abin da ya ci ba, yunwa ta yi nisa da shi. Masu kiwon kifi a kududdufi sun san wannan da aljihunsu, don karfasa da ke rububin abinci a ruwa mai digiri 28 takan daina ci kusan gaba ɗaya idan ruwan ya sauko ƙasa da 17. Saboda haka kifin da a watan Satumba yake bin koto da gudu, a Disamba sai ya tsaya ya yi lissafi: ƙarfin da zan kashe in kai ga abin can, zai dawo mini in na haɗiye shi? In lissafin bai fita ba, ko wutsiya ba zai kaɗa maka ba.

Wanda muke nema shi ne giwan ruwa, kuma ya kamata ka san da wa kake hulɗa. Kifi ne mai farin jiki da sheƙi, mai ƙaton baki, da ido mai haske a cikin duhu, wanda abincinsa 'yan'uwansa kifaye ne. A manyan ruwaye yakan kai tsawon mita 2, nauyinsa ya doshi kilo 200. Da aka kai shi tafkin Biktoriya a shekarun 1950, sai da ya cinye ɗaruruwan irin ƙananan kifayen tafkin, ya mayar da wurin gandunsa. Amurkawa suna da wani kifi mai irin halinsa da suke kira bas, sun rubuta littattafai a kan yadda ake lallashinsa in sanyin ƙarshen shekara ya shigo, kuma wanda aka kama a jihar Jojiya a 1932, mai kilo 10 da ɗan ɗoriya, har yau labarinsa ake yi. A Argungu kuwa, nan maƙwabtanmu, kifin da ya ci gasar kamun kifi ta 2020 kilo 78 ne. Mai kilo 10 a bakin Matan Fada, inda ake gasar, sai dai a ce da mai shi sannu da ƙoƙari.

Ka ɗauki giwan ruwa a hunturu a matsayin basarake. Ba ya fita da sassafe, ba ya zuwa wurin kowa, sai dai a zo wurinsa, kuma ba a shiga fadarsa da hayaniya. In ka riƙe wannan, ragowar bayanin duk sharhi ne.

Saboda haka shawara ta farko mai daɗin bi ce: ka koma ka kwanta. Bayan sallar asuba, kada wani mai zumuɗi ya ja ka bakin gulbi wai sammako shi ne sirrin su. Wannan karatun damina ne da bazara. A hunturu, asuba ita ce lokacin da ruwa ya fi kowane lokaci sanyi, domin ya kwana yana sakin ɗumin da ya tara jiya. Ka sha kununka da ƙosai, ka shafa man kaɗe a ƙafa saboda faso, ka yi harkokinka. Ruwa ba ya ɗumama da wuri, sai rana ta daɗe a kansa, don haka daga bayan azahar zuwa faɗuwar rana ne ƙananan kifaye ke fitowa gefen da ya sha hantsi, shi kuma mai girma ya ɗan muskuta ya matso bakin zaure ya ga abin da ke wucewa. Ranar da hazo ya rufe gari har rana ta zama farin faifai a sama, ka rage buri. Ranar da aka yi kwana biyu ko uku iska ta lafa, sama ta washe, wannan ranar ko ɗaurin aure gare ka ka yi Fatiha ka zame.

Sai maganar wuri. Ambaliyar damina ta janye tun Oktoba, fadama ta koma hannun masu albasa da tafarnuwa da shinkafar rani, injin ban-ruwa yana ta kuka. Kifin da ya bazu cikin ciyawa ya yi ƙiba duk ya dawo cikin gulbi, ya taru a wurare masu zurfi, inda sanyin dare ba ya ratsawa sosai: lanƙwasar gulbi inda ruwa ya ƙwaƙule gaɓa, gindin ƙafafun gada, ƙarƙashin itacen da ya faɗa ruwa. Daga gadar Kwalkwalawa, kan hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka bi gaɓa ta wajen Dundaye ko ka gangara Wamakko, za ka ga irin waɗannan wurare. Amma manyan giwan ruwa sun yi wuya a kusa da gari, kuma mai son ya gwada ƙarfinsa da gaske gara ya yi asusun kuɗin mota zuwa madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, inda zurfi yake na gaske.

Kafin ka jefa ƙugiya ko'ina, ka nemi masu wurin. Ruwa yana da shugabanni yadda kasuwa ke da su, akwai Sarkin Ruwa, akwai dattawan Sarkawa da suka gaji su kaka da kakanni, akwai kuma wuraren da aka hana taɓawa sai lokacinsu ya yi. Ka sayi goro, ka durƙusa, ka ce, "Baba, ina wuni, ina ɗari?" Zai ce maka, "Ɗari lokacinai na, ɗana. Mi kaka biɗa?" Kada ka yi saurin cewa giwan ruwa, don zai yi murmushi irin na wanda ya ga yaro ya ɗauko gatarin ubansa. Ka ce ka zo koyo. Goron nan zai saya maka abin da na'urar gano kifi ta Amurkawa ba za ta gaya maka ba: ramin da ruwa ya haƙa bana, wanda yashi ya cike tun ambaliyar 2010, da ranar da aka sako ruwa daga Goronyo har kifi ya canja makwanci.

Koto kuma, kada ka raina wa mai sarauta hankali da tana. Tana ta tarwaɗa ce da kurungu. Giwan ruwa mai rai yake so, kuma a sanyi ya fi son loma ɗaya mai auki wadda ba sai ya yi tsere ba. Ka samu 'yar karfasa mai faɗin yatsu uku ko huɗu, ka soka ƙugiya a bayanta, ƙarƙashin ƙayar baya, ba tare da ka taɓa ƙashin tsakiya ba, don ta ci gaba da motsi. Ka sa ɗan dalma ya kai ta kusa da ƙasa. Zaren da ke kusa da ƙugiya ya zama mai kauri, domin murfin kunnen giwan ruwa yana da kaifi, kuma da shi yake yanke hulɗa da mutane da yawa.

Yanzu ga wurin da maza ke faɗuwa, wato zama. Ka jefa, ka zauna, ka bar abin nan a inda yake. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayi yana so ya jawo ya duba ko koto na nan. Yana nan. In kana amfani da kifin roba irin na kanti, ka ja shi a hankali har kai kanka ka fara jin kunya, sa'an nan ka ƙara rage gudu, ka riƙa tsayawa kana ƙirga goma a zuci, don a tsayawar nan ne ake kai masa cafka. Ruwan rani ya kwanta, lakar damina ta zauna, gulbi ya yi garau, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa cewa kifi na ganinka mai jar koma. Ka zauna ƙasa-ƙasa, kada inuwarka ta faɗa kan ramin, kada ka yi ta buga ƙafa a gaɓa don ka ji ɗumi, domin kifi yana jin girgizar ƙasa ta wani layi da ke gefen jikinsa. Wayarka ka sa ta yi shiru. Abokin da ba ya iya minti biyar bai kawo zancen siyasa ko na ƙwallon Ingila ba, ka ƙaunace shi, ka bar shi a majalisa, ka kai masa labari da dare.

Cin kifin sanyi ba ya zuwa da fizga. Sau da yawa abin da za ka ji nauyi ne kawai, ko ka ga zare ya soma tafiya gefe shi kaɗai. Kada ka zabura. Ka ba shi daƙiƙa biyu ko uku ya juya koton a baki, sa'an nan ka ɗaga sanda da ƙarfi sau ɗaya. Daga nan duk sanyin jikin nan da muka yi ta bayani zai ƙare. Zai nutsa ya nufi saiwa ko dutse, in bai samu ba ya taso sama ya buɗe baki yana girgiza kai don ya tofar da ƙugiya. In ya ja, ka sakar masa kaɗan, in ya tsaya, ka karɓa, amma ko da wasa kada zare ya yi sako-sako. Kada ka naɗa zare a yatsa, yatsun da ɗari ya busar ba su jin yanka sai sun ga jini. In ya zo gaɓa, ka kama shi ta leɓen ƙasa da tsumma a hannu, ka nisanci kunnen.

Mai yiwuwa ne wani ya riga shi amsa gayyatar. Tarwaɗa ba ta da girman kai, tana ci ko da sanyi, musamman dab da magariba, kuma babu wanda ya taɓa kai ta gida aka kore shi. Kurungu zai fito yana gurnani, ya miƙe ƙayoyinsa uku ya kulle su, ka riƙe shi da hankali don sukarsa tana hana barci. In kuwa ka ga wani mai taushin jiki, mai ɗigo-ɗigo, marar ƙaya a baya, yana lumshe ƙananan idanu, wannan minjirya ce. Wutar da ke jikinta takan kai bolt 300 da wani abu, kuma ba a taɓa ɗauke ta ba. Ka yanke zaren ku rabu da mutunci.

Akwai abu biyu da ba na wasa da su. Na farko, taruwar da kifi ke yi a rami ɗaya a wannan lokaci ita ke sa wasu su zuba Gamalin ko wani maganin ƙwari a ruwa, wasu kuma su ja gidan sauro su kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Wannan kisan gulbi ne, kuma ruwan nan shi garin Sakkwato ke sha, shi ake ba albasar da za ta shiga tukunyarka. In ka kama ɗan giwan ruwa da bai kai tsawon kamu ɗaya ba, ka jiƙa hannu, ka zare ƙugiya a hankali, ka mayar da shi. Manyan da ake ɗauka da mutum huɗu a Argungu galibi mata ne da suka shekara da shekaru ana barinsu, kuma su ne masu zuba ƙwai miliyoyi. Na biyu, kada ka tsaya cikin ruwa mai kwanciya ba dalili, don tsargiya tana nan a gulaben nan, ta fata take shiga. In ka ga jini a fitsarinka ko na yaronka, ku tafi asibiti, maganinta yana da sauƙi.

To, a ce magariba ta yi, ka naɗe zare, buhu babu komai. Kada ka shiga gida hannu biyu. Masu kifi suna nan bakin titi a Kwalkwalawa, in ka makara kuma Kasuwar Daji ba ta ƙaura ba. Ka duba kunnen ya zama ja, ido ya zama garau, ka danna tsoka ka ga ta dawo, ka yi ciniki. In uwargida ta tare ka ta ce, "Maigida, wanga kai ka kama shi?" ka gaya mata gaskiya, domin ta san yankan wuƙar 'yan kasuwa tun kafin ka san fatsa. Ka miƙa mata da citta da masoro da attarugu, a yi farfesu mai zafi, yara su sha romo su yi gumi.

Wanda ya tsinke zare ya tsere kuwa, naka ne halak malak, ka kai shi majalisa. Sai dai ka lura, irin wannan kifi yana girma a baki fiye da yadda yake girma a ruwa, kuma abokanka suna riƙe da awon da ka nuna jiya. Daren farko ka buɗe hannu daidai faɗin kafaɗa, ka tsaya nan, don hunturu sai Fabrairu zai tafi, kuma za a nemi ka sake ba da labarin kowane dare.