'Yan Yerwa a Bakin Teku

A biranen da suka mai da baƙo sana'a, irin su Landan da Paris da Dubai, akwai wani kati da ake sayar wa mai yawon buɗe ido. Ka biya kuɗi a dunƙule, a ɗiba maka kwana biyu ko uku, duk gidan tarihi ko hasumiya ko jirgin ruwan da ke cikin jerin, nuna katin kawai za ka yi ka wuce. Mu a nan abin da ya fi kusa da wannan shi ne tafiyar ƙungiya. Ma'aikatan wani ofis, ko tsofaffin ɗaliban wata makaranta, ko 'yan adashe, su tara kuɗi a Maiduguri su damƙa wa mai shirya tafiya. Shi kuma ya ɗaura wa kowa warwaron roba a hannu, ya raba takarda mai jerin wurare: gandun dajin Lekki, Badagry, gidan tarihi na Onikan, bakin teku, da sauransu. Ya ƙara da katin Cowry, wanda da shi ake hawa bas ɗin BRT da jiragen ruwan gwamnatin Legas da jirgin ƙasan Marina zuwa Mile 2. Tsakanin Yerwa, wato Maiduguri, da Ikko, wato Legas, sama da kilomita 1,500 ne ta mota, ga shi kuɗi an riga an biya, ba a mayarwa. Mutumin da ya san ba za a mayar masa da kuɗinsa ba, halinsa ba ya ɓoyuwa.

Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne Alhaji Sai-na-fanshe. Tun a mota ya raba kuɗin da ya biya da yawan wuraren da ke takarda, ya san nawa kowane wuri ya tsaya masa, kuma ya ƙudurta ba zai bar wa Legas ko kwabo ba. Ana sallame sallar asuba yake bin ɗakuna yana buga ƙofa. A Onikan, gidan tarihin da aka buɗe tun 1957, zai wuce kawunan yumɓun Nok da tagullar Benin da saurin mai bin bashi. Idan aka iso gaban baƙar marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, kowa ya yi tsit yana duban hujojin harsashi, shi agogo yake dubawa. Ya ciro biro ya soke Onikan a takarda, ya ce, "To, an ga wannan. Saura bakwai." Babban maƙiyinsa gosulo. A kan gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, ya taɓa kafaɗar direba ya tambaye shi ko ita ma gadar tana cikin kuɗin. Da aka ce masa kyauta ce, sai ya daina kallonta.

Jarrabawarsa tana Lekki. A gandun nan, wanda aka kafa a 1990, akwai gadar sama da aka rataya da igiyoyin ƙarfe ta bi ta saman bishiyoyi, tsawonta mita 401, tana lilo da duk wanda ya taka. Alhaji mutum ne da ko tsani ba ya hawa, yaro yake aikawa ya gyara masa kwano. Amma an ce hawan yana cikin lissafi. Haka zai tattara babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya runtse ido, ya kama igiya da hannu biyu, ya ja ƙafa tun daga farko har ƙarshe yana salati. In ya sauko ka tambaye shi me ya gani, sai ya ce, "Gani? Ai ni dai na hau."

Na kusa da shi a mota, mai hula zanna da carbi, shi ne Baba Namu-ya-fi. Bai zo Legas don ya gani ba, ya zo ne ya tabbatar. A Badagry ɗan jagora zai nuna benen da ake cewa shi ne na farko a Najeriya, wanda 'yan mishan suka gama a 1845. Baba ya gyara hula ya ce, "Jiya-jiya ke nan. Yaro, kusan shekara ɗari uku kafin a aza tubalin nan Mai Idris Alauma yana aika jakadu Santambul." A shiga kwalekwale, ya tuna wa matuƙi cewa kwalekwalen da ya fi kowanne tsufa a Afirka a ƙasarsu aka gano shi, a Dufuna, a 1987, shekarunsa wajen 8,000. Idan wani ɗan ƙarin bayani ya ce ai Dufuna a Yobe take, Baba ya ce Yobe ɗin daga cikin wa aka yanke ta a 1991? Abin da ba ya faɗa shi ne Bafulatani ne ya ci karo da kwalekwalen yana haƙa rijiya. In akwai Bafulatani a tawagar, wannan magana ita za ta ci sauran tafiyar, don tsakanin Barebari da Fulani ba a barin bashi ya kwana.

Ko teku ba ta tsira ba. Yana tsaye igiyar ruwa na dukan yashi, zai ce a shekarun 1960 Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000, daga Baga ba ka hango ɗaya gaɓar. Sannan ya kawo wadda ba a iya ja: dogon tudun yashin nan da ya bi ta Maiduguri ya nufi Bama, masana sun ce gaɓar tsohon tafkin ce, shekaru dubbai da suka wuce. "Mu ma 'yan bakin ruwa ne," in ji shi, "ruwan ne ya yi ƙaura ya bar mu." Kifin teku kuwa, a wurinsa, ba ya kama ƙafar bandar da ake saukewa a kasuwar kifi ta Baga Road. Legas ɗin ma ai suna da ita a gida, Lagos Street, har da gadarta a kan Ngadda. Abin haushi da Baba shi ne yawancin abin da yake faɗa gaskiya ne. Wuri ɗaya na san bakinsa ke mutuwa: kurkukun bayi na Seriki Abass a Badagry, ɗakuna ƙanana masu duhu da sarƙoƙin da aka ajiye don masu kallo. Nan ba ya cewa namu ya fi, ko da yake ya san hanyar da ta tashi daga Borno ta bi Bilma da Fezzan zuwa Tarabulus, ya kuma san abin da aka riƙa korawa a kanta. Sai an koma mota yake farfaɗowa, ya soma da cewa zafin Legas zafin ƙarya ne, gumi kawai, ba ya kai na watan Afrilu a Yerwa.

Ita kuwa Mai-hoto ba ta ga teku ba, don duk zaman da aka yi bayanta ta juya mata. Lafaya uku ta zo da su a jaka, kowane wuri da kalarsa. Duk wanda ya tsaya kusa da ita ya zama ma'aikacinta: "Yaya, don Allah ɗauke ni. A'a, ka ɗan durƙusa. Ka sa jirgin can ya fito." Birai ne kaɗai ba sa mata biyayya. Na Lekki sun saba da mutane har sun raina su, kuma ledar cincin a hannun mai gyara mayafi ganima ce. Ƙaninta a wannan hali yana Victoria Island, ya jingina da motar da bai san mai ita ba, har maigadi ya taso.

Da an zo shiga jirgin ruwa tawaga take rabewa biyu. Akwai wanda ya ɗaure rigar ceto tun yana kan tudu, ya ja maɗaurin har numfashi na yi masa wuya, ya tambayi matuƙi zurfin wurin, aka faɗa masa, ya yi da-na-sanin tambaya. Tsallakawa zuwa tsibirin Gberefu, inda bayi ke yin tafiyarsu ta ƙarshe zuwa bakin teku, 'yan mintoci ne, amma kafin a isa ya yafe wa duk wanda yake bi bashi, da sharaɗin in an sauka lafiya maganar ta tashi. A da shi ne abin dariyar kowa. Tun da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shanye Gwange da Monday Market har ya shiga gidan zu na Sanda Kyarimi, an rage yi masa dariya. Wanda ya kwana a kan rufin ɗaki yana jiran kwalekwale, in ya ce ya ƙoshi da ruwa, sai a ƙyale shi ya tsare takalma.

Wanda ba a ƙyalewa shi ne Gwanin Ngadda. Tun daga Damaturu yake ba da labarin yadda yake tsallaka kogin da damina yana yaro, hannu ɗaya riƙe da riga. Ya tuɓe, ya yi miƙa, ya shiga da gudu. Ba wanda ya gaya masa kogi gaba ɗaya yake tafiya, teku kuwa zuwa take ta dawo. Igiyar farko ta ɗauke masa ƙafa, ta biyu ta nannaɗe shi kamar tabarma ta ajiye a gaban matan tawaga, yashi har cikin kunne. Ya miƙe yana tofar da gishiri ya ce ruwan ne ba shi da tsari.

Ɗan kasuwa bai damu da tsari ba, farashi yake so. A bakin teku yana lissafin tifa nawa yashin zai yi. A gidan tarihi ya tambayi ma'aikaci, cikin raɗa, nawa irin wannan tagullar take in mutum zai ɗauki da yawa. Rana ta biyu ya ɓace, sai a same shi a Balogun yana taya atamfa, ko a Mile 12 yana tambayar nawa aka sauke buhun wake yau. Kafin ya tafi sai da ya nemi wanda zai sayi ragowar warwaronsa da rangwame. Alhaji Sai-na-fanshe ya yi tunanin saya, don ya shiga ko'ina sau biyu.

Akwai kuma wanda ciki ya hana shi yawo. Ya kalli amala da miyar ewedu, ya kalli mai abincin, ya ce yana azumin nafila. Jakarsa dambun nama ne da ƙuli da filas. Da ya ji an ce akwai 'yan gida a Agege da Idi-Araba, shi ke nan. Ya sami mai shayi ɗan unguwarsu, aka yi wushe-wushe, aka kawo masa burabusko da miyar kuka, ya miƙe ƙafa a benci. A nan ya ji wa ya yi aure a Bulumkutu, wa ya sayar da fili a Bolori. Ya ƙetare Najeriya tun daga wannan kusurwa zuwa waccan don ya ji labarin layinsu, kuma ni a ganina cikin tawagar duka ba wanda ya kai shi hutawa.

Malam ba ya cikin waɗanda ake tsokana sosai, don ana bukatarsa. Shi ke faɗin inda alƙibla take in gine-gine sun rikita mutane, shi ke tabbatar wa masu shakka cewa alwala da ruwan teku ta inganta. Wahalarsa ɗaya ce: a bakin teku ranar Lahadi babu inda zai ajiye idonsa. Dama ba dama, hagu ba dama, sai ya zaɓi sama, ya yi ta nazarin gajimare. Ya fi samun natsuwa a masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, wanda ba ya cikin takarda, shi ya roƙa aka biya.

Duk wannan a wuyan shugaban tafiya yake. Shi ke ƙirga kawuna a ƙofar mota, kullum a samu saura biyu. Alhaji na binsa canjin wurin da aka tarar a rufe, Mai-hoto na binsa caja, matar ɗan kasuwa na kiransa daga Maiduguri ta ji ina mijinta. Ya rantse ba zai ƙara ba. Baɗi shi zai fara kawo maganar Kalaba.

Hajiya Mai-jarka ba ta ba shi wahala ba sai ranar komawa. Ita tun daga gida da saƙo ta taso: maƙwabciya na son ruwan teku don ciwon ƙafa, wata don ƙaiƙayi, surukarta kuma ba ta faɗi dalili ba. Ba ta hau gadar sama ba, ba ta shiga kwalekwale ba, ta dai sa yaro ya cika mata jarka biyu, ta tsince 'yan kwanson wuri ta ƙulle a gefen lafaya. A filin jirgin sama na Ikeja ma'aikaci ya ce ba a shiga da ruwa a kayan hannu.

"Ɗana, ba na sha ba ne. Magani ne."

"Hajiya, ko na mene ne, sai dai a auna shi a sa a kaya."

Aka ɗora a sikeli, aka faɗi kuɗin nauyi. Hajiya ta yi salati, ta ce ruwan Allah ne fa, kyauta ta ɗebo. Baba Namu-ya-fi ya matso ya ce da ta bari sun isa gida, da ya sa an kawo mata na Baga, wanda ya fi wannan magani. Alhaji Sai-na-fanshe kuwa ya riga ya ciro takardarsa yana dubawa, ko kuɗin jarka na cikin abin da aka biya.