Tsakanin Tukunya da Takarda: Bayanin Jinsunan Masu Girki da Karatu a Kwadon

Malaman da suka gabata, Allah ya jiƙansu da rahama, ba su cika barin wani abu na halayen 'yan Adam ba face sun kasa shi babi-babi, sun tsaga kowane babi fasali-fasali, har ma Jahiz mutumin Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan marowata, ya bi su har bakin akushi yana lura da yadda suke ƙirga lomar baƙo. Shi kansa kuwa an ruwaito cewa, saboda tsananin son muɗala'a, yakan yi hayar shagunan masu sayar da littattafai ya kwana a ciki yana karatu. To, akwai wata jama'a a ƙasarmu da ta cancanci irin wannan hidima, wato waɗanda Allah ya jarrabe su da son abu biyu a lokaci guda, son abincin gida mai kwantar da rai da son karatun littafi, alhali kuwa zuciya ɗaya aka ba kowane bawa, kuma Bahaushe ya riga ya yanke hukunci cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Dalilin da ya sa aka zaɓi Kwadon don wannan bincike ba wai mutanenta sun fi na sauran garuruwa wannan ɗabi'a ba ne, sai don gari ne wanda uzurin rashin kayan miya ba ya karɓuwa a cikinsa. Duk wanda ya fito daga Gombe ya nufi gabas a kan hanyar Dadin Kowa da Biu, da zarar ya wuce Liji, hancinsa zai sanar da shi ya iso tun idonsa bai ga alama ba, domin ga albasa buhu-buhu, ga tumatir kwando-kwando, ga attaruhu da tattasai, masu lambu suna kawowa, motoci suna lodi zuwa nesa. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba, amma tun da aka ƙirƙiro jihar Gombe a 1996 birni yake ta miƙe ƙafa zuwa gare shi, malaman makaranta da ma'aikata da ɗalibai suka cuɗanya da manoma da 'yan kasuwa. Saboda haka in miya ta ɓaci a Kwadon, ba a tuhumar kasuwa. Sai a bincika ko akwai littafi kusa da murhu.

Jinsi na farko, wanda ya fi kowane yawa, shi ne Ma'abociyar Shafi Ɗaya. Ita wannan baiwar Allah takan ɗora tukunya da kyakkyawar niyya, ta zuba shinkafa, ta rage wuta, sa'an nan ta jawo kujerar tsuguno ta ce bari ta ƙarasa shafi ɗaya tak kafin ruwa ya tsotse, ba ta san cewa marubutan Hausa, tun daga zamanin da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino suka cika gidaje da littattafai, sun ƙware a kan kada su bar shafi ya ƙare a wurin da zuciya za ta huta ba. Ga su da al'adar kasa labari zuwa na ɗaya da na biyu da na uku, su yanke shi daidai inda kishiya ta ɗaga labule, ko inda wasiƙa ta faɗa hannun da bai kamata ba. A yau ma da labarin ya koma cikin waya, ana sako shi ta WhatsApp kashi-kashi, abin bai sauya ba, sai dai ya ƙaru, domin sau da yawa sabon kashi yakan sauka ne daidai lokacin ɗora sanwar dare. Ba ta farkawa sai maƙwabciya ta ɗaga murya ta kan katanga ta ce, "Amarya, ƙauri nake ji!" ita kuwa ta amsa, "Na'am Adda, yanzu na duba ta," alhali rabonta da tukunyar tun jarumin yana saurayi, ga shi har ya yi 'ya'ya biyu. Duk ɗalibin da ya karanta Ahalari ya san cewa rafkanuwa a cikin salla tana da magani, ƙabli saboda ragi, ba'adi saboda ƙari. Amma shinkafar da ta kama ba ta da ƙabli ba ta da ba'adi, sai dai a sake sabuwa ko a ci da haƙuri. Laifin kuwa kullum na itace ne mai ci da yawa, ko na tukunya mai siririn gindi. Yaran gidan kaɗai ne ba sa ƙorafi, domin ba su taɓa rasa ƙanzo ba.

Na biyu shi ne Malam Mai Muɗala'a da Hanci. Shi ba ya shiga madafa, yana ganin wannan ba fagensa ba ne. Yana zaune a zaure bisa buzu, Risala a buɗe a gabansa, tabarau a karan hanci, duk mai wucewa yana cewa Malam ya nutse a kogin fiƙihu. Haƙiƙanin al'amari kuwa, idanunsa ne kawai a kan matani, amma hancinsa yana can cikin gida yana bin miyar kuka mataki-mataki: ya san lokacin da aka jefa daddawa, ya san lokacin da aka soya man shanu da albasa, ya san ko kifi busasshe aka sa ko ƙashi, har yakan tsaya a tsakiyar mas'ala ya aika yaro, "Je ka ce wa Ummanku kanwar ta isa haka." Ya karanta Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji, ya san nasihar da ke cikinsa ta rage ci don kaifin hadda, yakan kuma karantar da ita ga almajirai da murya mai ratsa jiki, sa'an nan a kawo masa malmala uku na tuwon dawa ya yi musu sharhi da hashiya har ya ga gindin akushi. In an yi masa magana, sai ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ilimi nauyi gare shi, ba ya ɗaukuwa ga mai jin yunwa.

Na uku shi ne Mai Hatimin Manja, wanda ba ya iya cin abinci sai da littafi a hannun hagu, ba ya kuma iya karatu sai da kwano a gaba. Wanda ya ari littafinsa ya sami tarihi biyu a kuɗin ɗaya, tarihin da marubuci ya rubuta da tarihin abin da aka ci a gidan. Ɗauki Magana Jari Ce ɗinsa, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, za ka ga a juzu'i na farko tambarin yatsa ja, ka san zamanin ɗanwake ne da mai da yaji. A na biyu shafuka biyu sun manne, sai an sa wuƙa, wannan aikin miyar kuɓewa ne ko karkashi. A na uku kuwa akwai wani ɗigo mai duhu a kan hoton aku, wanda masana suka yi saɓani a kansa, wasu suka ce kunun tsamiya ne, wasu suka ce romon kai. Abin lura game da shi, duk da wannan sakaci, bai taɓa kusantar da kwano ga Alƙur'ani ko littafin addini ba, waɗannan suna cikin gafaka a rataye. Hatiminsa a kan littattafan hira kawai yake sauka, musamman na aro.

Na huɗu shi ne Tuzuru Mai Tukunya Ɗaya, galibi malamin makaranta ne ko ƙaramin ma'aikaci da aka turo daga wani gari, ya kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwa. Mazhabarsa a girki ita ce haɗa komai a wuri guda, shinkafa da wake da taliya da albasa da duk abin da hannu ya kai gare shi, ya kira abin dafa-duka, kuma ba a taɓa samun suna da ya dace da mai shi kamar wannan ba. Littafi a wurinsa bawa ne mai ayyuka da yawa: da shi yake fifita gawayi, da shi yake rufe kwano saboda ƙuda, da shi yake tallafe ƙafar teburin da ta gaza, in dare ya yi kuma ya karanta abin da ya saura. Ranar da ya kasa girki ya sayo ƙosai ko tsire, sai ya baje tsohuwar jaridar da aka ƙunso masa ya karanta ta tsaf, saboda haka kansa cike yake da rabin labarai: ya san an kafa kwamiti amma bai san abin da ya gano ba, ya san an kama ɓarawo amma hukuncinsa ya tafi da ƙosan wani. Duk wanda ya ji shi yana yabon tuwon mahaifiyarsa, da yadda take yi masa ɗumame da man shanu da sassafe, ya san karatun nan nasa rabinsa maganin kewa ne.

Na biyar ita ce Mai Girki da Nassi, wadda ba ta yarda da ijtihadi a madafa ba. Ba ta jefa gishiri sai ta ga an rubuta, ba ta sauke tukunya sai minti ya cika, ko da abin da ke ciki ya daɗe da nuna yana roƙon a cece shi. Ta jingina waya a jikin turmi tana bin wata gwanar girki ta Kano ko Kaduna layi-layi, in an ce cokali biyu to biyu ne, ba ta tambayar ko cokalin can da na nan uwarsu ɗaya. Musibarta takan zo ranar da Goggo ta kawo ziyara daga ƙauye, ta tsaya a kanta ta ce, "'Yar nan, miyar taushe ake yi wa awo? Kabewa ai ita ke faɗa miki abin da take so." Sai Goggo ta ɗebi gyaɗa da tafin hannu, ta yayyafa yakuwa ba lissafi, miya ta fito yadda ake so, in an tambaye ta nawa ta sa, ta ce daidai misali, wanda shi ne ma'aunin da ba a taɓa samun mai iya rubuta shi ba.

Na shida ita ce Dada Mai Karatu da Kunne. Ba ta yi boko ba, Yaƙi da Jahilci ma da aka yi a shekarun 1950 bai biyo ta ƙofar gidansu ba, amma kada wanda ya kuskura ya kira ta jahila, domin ta haddace waƙoƙin wa'azi tun tana yarinya, irin tafarkin da Nana Asma'u 'yar Shehu ta shimfiɗa wa mata ta hannun jajis da 'yan taru, inda ilimi ke shiga ta kunne ya zauna a ƙirji. Takan zaunar da jikanta ya karanta mata Ruwan Bagaja ko Shaihu Umar tana tsinke zogale a faifai, kuma babu marubucin da ya taɓa gamuwa da mai sharhi mai tsanani kamarta. Tana tsine wa azzalumi, tana yi wa maraya addu'a, tana katse karatu ta ce, "Ƙarya yake yi, Hamma, mace mai jego ba ta wannan tafiya." Mafi yawan abin da ke ɓata mata rai shi ne a ce baƙo ya sauka a labari, a wuce ba a faɗi abin da aka ba shi ya ci ba. Ita kaɗai ce a cikin jinsunan nan ba a taɓa jin ƙauri a ɗakinta ba, saboda idonta da hannunta suna wurin aiki, kunne kawai ta ba da aro.

Akwai kuma Mai Ado da Biyun, wanda ya jera manyan littattafai masu ruwan zinariya a bango, matarsa ta jera kwanuka da tangaran a kabet, ba a buɗe waɗancan ba, ba a ci a waɗannan ba. Ba sai an tsawaita a kansu ba, tun da su ma ba su tsawaita a kan komai ba.

Sai jinsi na bakwai, wanda samunsa ke da wuya, ita ce Fakihiyar Madafa, wadda ta gane cewa sulhu tsakanin tukunya da takarda ba ya samuwa sai da sanin lokuta. Ta kasa abinci kashi uku. Akwai wanda karatu ya halatta a kansa ba tare da karhanci ba, kamar wake da ganda da ƙafar saniya, waɗanda ke ɗaukar sa'o'i ba su nemi kowa ba, da dambu in an rufe madambaci ana jiran ya turara. Akwai wanda karatu a kansa makaruhi ne, kamar shinkafa da faten tsaki, waɗanda ke yi wa mutum shiru sa'an nan su kama ta ƙasa. Akwai kuma wanda ta haramta wa kanta ko duban bangon littafi a kansa: ɗanwake in an jefa shi kumfa ta taso, kunun gyaɗa mai jiran a juya baya ya yi bori, masa a tanda mai son juyi gurbi-gurbi, da miyar kuka lokacin kaɗi, wadda in hannu ya saki maburgi ta yi gudaji har abada. Tuwo kuwa ta ba kowane mataki hukuncinsa: in an yi talge a bar shi ya nuna, wannan zangon shafi biyu ne; lokacin tuƙi muciya na son hannu biyu da ƙarfin kafaɗa, babu zancen karatu; in an rufe shi ya sulala, to nan ne aljannar mai karatu, ta buɗe babinta cikin natsuwa har lokacin kwashewa da mara. Da wannan tsari ta sauke littattafan da wasu masu digiri ba su sauke ba, kuma ba a taɓa mayar mata da kwano da saura ba.

Ya rage a ambaci wani mutum wanda ba ya cikin jinsunan nan amma ba ya rabuwa da su, shi ne wanda bai karanta ba, bai girka ba, yana kishingiɗe yana jiran a kwashe, in an kawo ya ce gishiri ya yi yawa, in ya ga littafi a hannun uwargida ya ce shi ya sa. Wannan ba a buƙatar dogon bincike a kansa, domin duk jinsunan bakwai, da mai ƙona shinkafa da mai hatimin manja da Dada, har ma da Goggo, sun yi ijma'i a kan hukuncinsa: gobe in talge ya nuna, a miƙa masa muciya.